Wa Ya Karanta Wa Mai Gona Takardar Muhalli?



Kafin katafila ta sa haƙori a gonar kowa a ƙasar nan, ko don hanya, ko bututun mai, ko layin lantarki, ko masana'anta, doka ta ce sai an rubuta wata takarda. A cikinta ake faɗin itace nawa za a sare, gona nawa za a taɓa, daga ina za a ɗebo ruwan aiki, a ina za a haƙi burji, kuma wa zai cike ramin idan an gama. Sunanta binciken tasirin aiki ga muhalli da jama'a, ma'aikata kuma suna ce mata EIES a taƙaice. Takarda ce mai kauri, sau da yawa shafi ɗaruruwa. Tambayata a yau ɗaya ce: a ƙauyukan Tasawa da Mayahi, mutum nawa ne suka taɓa jin abin da ke cikin irin wannan takarda da harshen da suke mafarki da shi?

Ba dokoki muka rasa ba, wannan kam a bar wa Nijar kayanta. Tun watan Janairun 1997 aka wajabta irin wannan bincike a ƙasar nan. A watan Disambar 1998 aka kafa babbar dokar kula da muhalli mai lamba 98-56. A ranar 14 ga Mayun 2018 aka zo da doka mai lamba 2018-28 wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin tantance ayyuka ta fuskar muhalli, sannan a Janairun 2019 aka fitar da dokar zartarwa mai lamba 2019-027 da ta fayyace yadda za a bi su. Akwai ofishi sukutum a Yamai, BNEE, wanda wannan shi ne aikinsa. Abin ma ba a nan ya faro ba: Amurka ta fara shi da dokar da aka sa wa hannu ranar 1 ga Janairun 1970, taron Rio na 1992 ya mai da shi ƙa'idar duniya, maƙwabciyarmu Najeriya ta kafa tata dokar a shekarar 1992 ɗin. Duka hikimar Bahaushe ya riga ya dunƙule ta a magana ɗaya: tun ran gini, tun ran zane.

To me ya sa na ɗauko Tasawa da Mayahi? Saboda a can ne za ka gane cewa "muhalli" abincin dare ne. Kowace daga cikin gundumomin nan biyu ta haura mutum 500,000 tun a ƙidayar 2012, kuma mafi yawansu da gona da dabba suke rayuwa. Ƙasa ta yi kaɗan, gado ya yayyanka ta, har an kai ga wani magidanci ba ya da abin da ya wuce ƴar gonar da zai zagaye kafin shayi ya tafasa. Idan aiki ya ɗauke masa kashi ɗaya cikin uku, an taɓa rumbunsa na shekaru masu zuwa.

Ga kuma Gulbin Kaba, tsohon kwarin nan da ya ratso ta wajen Gazawa da Tasawa ya bi ta Kanambakashe da Mayahi. Sunan ma ya faɗi dukiyarsa. Goriba ce ke ba da kabar da mata ke saƙa tabarma da faifai, ake tufka igiya, ake kai wa kasuwa a samu na cefane a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. A kwarin nan ruwa ya fi kusa da sama, rijiyoyi da lambuna da wuraren shayar da dabbobi duk a kansa suke. Abin da ya zuba a ƙasa a irin wannan wuri, ko baƙin mai ne ko ruwan wankin injina, ba ya da nisan tafiya kafin ya isa guga.

Sai kuma itatuwan cikin gonaki, waɗanda duniya ta san jihar Maradi da su. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoman yankin nan suka rungumi sassaben zamani: maimakon a tumɓuke kututture, sai a bar tohonsa, a zaɓi mai ƙarfi, a gyara shi har ya zama itace. Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya da ya yi aiki a Maradi tun farkon shekarun 1980, ya samu lambar yabo ta duniya a 2018 saboda yaɗa wannan dabara, amma gatari da haƙurin na iyayenmu ne. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Gawon da kake gani tsakiyar gonar hatsi, shi ne mai zubar da ganye da damina don hatsi ya samu rana da taki, ya fitar da shi da rani don dabba ta samu inuwa da ƴaƴan ci. Wani gawon ya girmi mai gonar da aure.

Yanzu kuma manyan ayyuka sun fara ratso wannan ƙasa. Babbansu shi ne bututun ɗanyen mai da ya taso daga Agadem zuwa tashar ruwan Seme a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda kimanin 1,275 daga ciki a cikin Nijar suke. An aza tubalinsa a Satumbar 2019, an ƙaddamar da shi a Nuwambar 2023, an gina shi don ya riƙa ɗaukar ganga 90,000 a kowace rana. Ya ratsa jihar Maradi. Ga layin dogon Kano zuwa Maradi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021. Ga hanyoyi, ga layukan lantarki, ga kasuwanni da madatsun ruwa na furoje iri-iri. Kowannensu, idan ya kai girman da doka ta faɗa, yana da tasa takardar muhalli.

Bari in bayyana yadda abin yake tafiya, don wanda bai san hanya ba ba ya gane inda aka kauce. Mai aiki zai kai bayanin aikinsa, a duba girman haɗarinsa a sa shi a rukuni: mafi haɗari a yi masa cikakken bincike, mai sauƙi a yi masa taƙaitacce. Sai ya ɗauki ofishin masana su shiga daji su auna, su ƙirga, su zauna da jama'a. Sai a kira taron tantance rahoton. Idan ya wuce, ministan muhalli ya ba da takardar shaidar cewa aikin ya cika ƙa'ida. A cikin rahoton akwai wani sashe da ya fi kowane muhimmanci a gare mu, ana ce masa PGES, wato tsarin kula da muhalli da jama'a. Shi ne jerin alkawura: za a riƙa yayyafa ruwa don kashe ƙura, za a tara baƙin mai a mazubi na musamman, za a mayar da ƙasa ramin burji, za a dasa itace kaza, za a biya diyya. Kowane alkawari da kuɗinsa, da wanda ya rataya a wuyansa, da lokacinsa.

A takarda abin gwanin sha'awa. Amma ɗakin yana yoyo ta wuri uku.

Na farko, wanda ake bincika shi ne ke biyan mai binciken. Haka tsarin yake kusan ko'ina a duniya, ba a Nijar kaɗai ba, kuma akwai masana masu tsoron Allah da ke rubuta gaskiya ko da za ta ɓata wa mai kuɗi rai. Amma mu yi wa kanmu adalci: ofishin da ke fatan samun kwangila ta gaba, yaya ƙarfin muryarsa zai kasance ranar da ya kamata ya ce a karkatar da hanya saboda rijiyar gari? Kowa ya ci ladan kuturu ai an san sauran zancen. Maganin wannan shi ne a samu ido na uku, kuma babu ido na uku da ya fi na wanda gonarsa ce.

Na biyu, zaman jin ra'ayin jama'a. Na taɓa halartar irin wannan zama a wani ƙauye na yankinmu. Mota ta iso da hantsi, an shimfiɗa tabarmi ƙofar gidan mai gari, an yi bayanin alfanun aikin, an tambayi mutane abin da suke so. Wani ya ce rijiya, wani ya ce aji biyu na lakwal, wani ya ce a ɗauki samarinmu lebura. An zagaya da takarda kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, an ɗauki hoto, kafin azahar mota ta juya. Ba wanda ya buɗe taswira ya nuna ta gonar wa za a bi. Ba a ga mace ko ɗaya a kan tabarma ba, alhali su ne masu ɗiban ruwa da kaba da itacen girki. Makiyayan da burtalinsu ya bi ta wurin suna arewa da dabbobinsu a lokacin. Wallahi duk wanda ya ga hoton nan a cikin rahoto zai rantse an shawarci gari. Abin da aka yi kuwa shi ne an tambayi mutane kyautar da suke so, ba a gaya musu abin da za su rasa ba.

Harshen ma kansa katanga ne. Da Faransanci ake rubuta rahotannin nan, Faransancin ma na masana, wanda ko mu da muka yi jami'a sai mun gyara zama. Kundin sake gina ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ce Hausa ita ce harshen ƙasa. Madalla. To ga wurin da ya kamata mu fara ganin amfanin hakan: taƙaitaccen kowane rahoton muhalli, da jerin alkawuransa, a fassara shi da Hausa, a karanta shi a rediyon karkara, a aika shi a saƙon murya ta WhatsApp. Inda Fulani da Buzaye ke kiwo, a yi musu da nasu harshen. Mutumin da aka nemi sa hannunsa ya cancanci sanin abin da ya sa wa hannu.

Na uku, kuma shi ne babban ramin, abin da ke faruwa bayan an ba da takardar shaida. Ranar da aka karɓe ta, wasu sun ɗauka an gama, alhali ranar ce bashi ya hau wuya. Dokar 2018 ta tanadi bibiya, ta kuma tanadi odit na muhalli, wato a koma wurin aiki da jerin alkawuran nan a hannu a duba ɗaya bayan ɗaya: an yi ko ba a yi ba? Idan an yi, ya yi amfani? Odit shi ne ranar awo. Amma wane ƙauye ne a Korgom ko Maijirgi ko Sarkin Hausa aka taɓa tara shi aka karanta masa sakamakon awon da aka yi a kan ƙasarsa? Ku da kanku kun san ramukan burjin da ke gefen hanyoyinmu, waɗanda ke cika da ruwa da damina, sauro ya yi gida, iyaye su kwana da fargabar yara masu wanka. Kusan duk rahoton aikin hanya da za ka buɗe, za ka tarar an yi alkawarin gyara irin waɗannan ramuka.

Ku dubi batun itace, don shi ya fi nuna inda lissafi ke ruɗar mutane. A rahoto za a rubuta an sare itace 100, an dasa 500. Wanda ke zaune a ofis zai ce an ma yi riba. Amma gawo 100 da suka shekara 30 suna ba gona taki, an musanya su da dashe 500 a cikin leda, waɗanda aka sa a ƙasa ƙarshen damina, babu shinge babu ban ruwa, awaki na kallo. Mu da muke dasa itace kowace ranar 3 ga Agusta, mun san bambancin abin da aka dasa da abin da ya rayu. Odit na gaskiya ya kamata ya ƙirga itacen da ke tsaye bayan rani uku. Kuma a yankin da manoma suka koya wa duniya sassaben zamani, me zai hana kuɗin dashen nan a ba su, su reni toho a gonakinsu, a biya su gwargwadon abin da ya rayu?

Wani zai ce ai manyan kamfanoni suna da shaidar ISO 14001, an tantance su a matakin duniya. Mu fahimci mene ne ita. Ma'auni ne da aka fitar a 1996, aka sabunta shi a 2004 da 2015. Abin da yake tabbatarwa shi ne kamfani yana da tsari: ya rubuta manufarsa, ya san wuraren da aikinsa ke taɓa muhalli, ya sa wa kansa buri, yana duba kansa, yana gyara. Abu ne mai kyau, kuma kamfanin da ke da shi ya fi wanda ba ya da komai. Sai dai shaidar ba ta auna ruwan rijiyarku ba. Mu tambayi ƴan uwanmu na Arlit. Kamfanonin uranium na Somaïr da Cominak sun samu wannan shaida tun farkon shekarun 2000. Duk da haka a Nuwambar 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wasu wurare a titunan Akokan ta tarar tururin guba ya ninka na al'ada har kusan sau 500. Wa ya matsa har aka zo aka auna? Mutanen garin ne, ta hanyar ƙungiyar Aghirin'man ta Almustafa Alhasan, wanda ya samu lambar yabo ta Nuclear-Free Future a 2017. An rufe Cominak a Maris na 2021, tulin sharar da ta bari kuwa yana nan.

Kada kuma a ce mana ƙasa matalauciya ba ta iya tsawata wa babban kamfani. A Agustan 2013 gwamnatin Cadi ta dakatar da aikin kamfanin CNPC na China bayan an tarar da ɗanyen mai an zuba shi a ramuka a kudancin Njamena. Ta nemi tarar dala biliyan 1.2, aka daidaita a kan dala miliyan 400 a 2014. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne an je an gani da ido. A ɗaya gefen kuma ga Ogoni a Najeriya, inda aka yi shekaru ana kau da kai, har rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce tsabtace yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Mu ma nan gida, a Yunin 2024 an fasa bututun mai a yankin Tesker na jihar Damagaram, mai ya malala a ƙasa. Ko ɓarnar ƴan bindiga ce, ko tsatsa, ko kuskuren ma'aikaci, ƙasar da mai ya zuba a kanta ba ta tambayar dalili. Shin mai garin da bututu ya bi ta bayan garinsa ya san lambar da zai kira idan ya ji warin mai da tsakar dare? Ya san wa zai kawo wa mutanensa ruwan sha kafin a gyara? Duk wannan ya kamata a ce yana cikin takarda, kuma ya kamata a ce an karanta masa.

Na san abin da za a jefe mu da shi: kuna son hana ci gaba. Haba dai! Wanda ya taɓa ɗaukar mai naƙuda a amalanke daga Urafan ba zai ƙi kwalta ba. Muna son hanya, muna son wuta, muna son man ƙasarmu ya kai kasuwa. Abin da muke nema kamfanonin nan da hukumomin nan su da kansu suka rubuta shi suka sa hannu. Yau kowa na maganar ikon ƙasa a kan arzikinta, kuma magana ce mai kyau. Ikon nan sai ya sauko har bakin rijiya kafin talaka ya ɗanɗana shi. Ko kamfani na baƙi ne, ko na ƙasa ne, ko na ɗan kasuwar unguwarku ne, ƙura ba ta duba fasfo kafin ta shiga ƙirjin yaro.

To mu da ke birni, masu waya da intanet da ɗan Faransanci, me ya rage mana? Yawancinmu daga ƙauyukan nan muka fito, hatsin da ya kai mu jami'a can aka noma shi.

Mu nemo takardun. Ayyukan da Bankin Duniya ko Bankin Raya Afirka ke ba kuɗi, ana saka rahotanninsu na muhalli a intanet, kowa na iya saukewa. Ka rubuta sunan aikin da sunan gundumarku ka nema. Wanda babu shi a can, a rubuta wasiƙa cikin ladabi zuwa ga magajin gari ko ofishin muhalli na gunduma a nemi kwafi.

Kada kaurin takarda ya tsorata ka. Ka wuce kai tsaye zuwa jadawalin alkawura. Ka fassara shi da Hausa, layi-layi, ka kai wa mai gari da liman da shugabar mata, ka karanta shi a dandali.

Mu riga katafila zuwa. A ƙirga itatuwan da ke kan layin aiki da sunayensu, a ɗauki hoton rijiyoyi da burtali da kwanan wata. Wanda gonarsa ba ta da takarda ya je wurin kwamitin filaye na gari ko na komin, wanda dokar karkara ta 1993 ta tanada, ya nemi shaidar mallaka. Ranar biyan diyya, mai takarda da mai rantsuwa ba ɗaya ba ne.

A san ƙofar kai ƙorafi. Ayyukan da bankunan nan ke ɗaukar nauyi dole ne su buɗe hanyar karɓar koke. A rubuta, a riƙe kwafi, a nemi amsa a rubuce.

Sannan mu nemi abu biyu daga hukuma da babbar murya: a riƙa tafiya da wakilan gari, maza da mata da makiyaya, duk ranar da za a je odit; kuma a liƙa sakamakonsa a ofishin magajin gari, a karanta shi a rediyo da Hausa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar zagi ko jifa. Karatu ne, da ƙirga, da naci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an nuna masa abin da magini ya yi alkawari kafin ya san abin da zai nema. Duk wanda zai je gida hutun nan, ya tambayi dattawan garinsu aikin da ya ratsa ƙasarsu da abin da aka ce za a yi musu, sannan ya nemo takardar ya gwada. Alkawari kaya ne, kuma wanda aka rubuta da sunan iyayenmu, mu ne ya kamata mu bi sawunsa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana ƙasarmu da ruwanmu.